Atisayen Yatsu da Kiɗan da Rai Ke So: Nasiha ga Masu Koyon Fiyano da Girmansu

Ƙannena maza da mata da kuka zauna gaban fiyano bayan kun mallaki hankalinku, wasu ɗalibai a jami'a, wasu ma'aikata, wasu da nauyin iyali a wuya, da ku nake. Na san abin da aka fara gaya muku: wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuwa kun riga kun bushe. Kada wannan ya karya muku gwiwa, gemu ba ya hana ilimi. Abin da na ga ya fi raba babba da fiyano shi ne rashin sanin yadda zai kasa ɗan lokacinsa tsakanin atisayen da ke horar da hannu da kuma kiɗan da ya sa shi sha'awar abin tun farko.

Halin babba daban yake da na yaro. Ɗan shekara 7 yana da iyayen da za su zaunar da shi, yana da shekaru a gabansa da ba wanda zai tambaye shi me ya yi da su, kuma kunnensa bai gama rarrabe mai kyau da mara kyau ba, don haka duk abin da ya kaɗa daɗi yake masa. Kai kuwa rabin awa ka samu, ita ma bayan ka dawo a gajiye, wataƙila kana fatan kada a ɗauke wuta. Ba mai tilasta maka, ranar da abin ya gundure ka shi ke nan ka rufe. Ga shi kunnenka ya daɗe yana sauraron gwanaye, ya yi wa hannunka nisa ƙwarai, kana jin kuskurenka tun sautin bai mutu ba. Wannan tazara ita ke ingiza mutum ɗayan hanya biyu. Wani ya ce ba zai taɓa kiɗa na gaske ba sai yatsunsa sun shirya, ya duƙufa kan atisaye wata da watanni. Wani ya ce shi ya wuce a sa shi hawa da sauka kamar ɗan firamare, ya faɗa kai tsaye kan kiɗan da yake mafarki.

Hanyar farko ta fi kama mai himma, shi ya sa zan daɗe a kanta. Da wuya ka tambayi yadda yatsunka za su yi sauri ba a ambata maka Hanon ba. Charles-Louis Hanon Bafaranshe ne, malamin kiɗa a garin Boulogne-sur-Mer, kuma a 1873 ya fitar da littafinsa mai atisaye 60. Na farkonsu ɗan zubi ne na sauti takwas: ka kaɗa shi daga C, ka matsa gaba da maɓalli ɗaya ka maimaita, haka har ka haura, sannan ka juyo ka gangaro, hannu biyu suna yin abu iri ɗaya a lokaci ɗaya, duk a kan fararen maɓallai. Ya ce a fara da bugu 60 a minti a riƙa ƙarawa har 108, kuma wanda ya ƙware zai iya ratsa littafin dukansa cikin awa guda kullum.

Ba na cikin masu cewa a jefar da littafin. Sergei Rachmaninoff, wanda duniya ta shaida hannunsa, ya ba da labarin cewa a makarantun kiɗa na Rasha a zamaninsa ɗalibi kan shafe shekaru biyar na farko da Hanon, har ya haddace shi, a kira masa lambar atisaye da gidan sautin da ake so ya kaɗa nan take. Sai dai ku duba su wa ake magana. Yara ne da aka ware don wannan sana'a, suna da sa'o'i masu yawa a yini, ga malami a kansu yana lura da wuyan hannu da kafaɗa, kuma Hanon ɗin wani yanki ne kawai na aikinsu. Mai rabin awa da ya ba Hanon minti 20 ya ɗauki guntun tsarinsu ne ya bar sauran.

Abin da ke damuna da shi, da zarar ka kama zubin ba ka ƙara bukatar hankalinka. Yatsu na tafiya, zuciya tana kasuwa ko ofis. Ido bai karanta komai ba, kunne bai nemi komai ba. Kuma kiɗa na gaske ba kasafai yake sa hannu biyu su yi abu ɗaya ba: dama tana rera karin, hagu tana riƙe da rakiya, ɗaya da ƙarfi ɗaya a tausashe, wani lokaci ma bugunsu ya saɓa. Wannan rabuwar hannu ita ce babbar wahalar mai koyo, kuma atisaye 20 na farkon littafin ba su taɓa ta ba.

Akwai kuma maganar lafiya, wadda nake so ku ɗauka da gaske. Hanon ya umarci a riƙa ɗaga yatsu sama sosai, da nufin duka biyar su zama ɗaya a ƙarfi da 'yanci. Halittar hannu ba ta yarda da haka ba. Ɗora yatsunka a kan tebur a lanƙwashe kamar kana kan maɓallai, ka ɗaga manuniya ita kaɗai, za ta tashi ba wahala. To ɗaga na huɗu, wanda ake sa wa zobe: da ƙyar zai bar teburin. Jijiyar da ke ɗaga shi ta bayan hannu a sarƙe take da ta maƙwabtansa biyu, haka Allah ya yi kowa, har gwanayen. Gwani bai tsinka wannan sarƙa ba, koyo ya yi ya riƙa kawo wa yatsan agaji da nauyin hannu da ɗan juyin sangali. Robert Schumann, Bajamushen da aka haifa a 1810, ya so zama babban mai kaɗa fiyano, ya matsa wa yatsunsa har da wata na'ura ta miƙe yatsa, kuma tun yana ɗan shekara 20 da 'yan kai hannunsa na dama ya lalace, burin ya tafi. Leon Fleisher na Amurka yana tsakiyar shahararsa a 1964 yatsu biyu na ƙarshe a hannunsa na dama suka fara naɗewa cikin tafi ba da sonsa ba. Ya yi kusan shekara 30 da hagu kaɗai yake fita gaban jama'a, kuma shi da kansa ya ɗora laifin a kan sa'o'in da ya riƙa tilasta wa hannun. Ba tsorata ku nake ba, mai rabin awa bai kai nan ba. Amma duk ranar da ka ji zafi a wuyan hannu, ko sangali ya ɗaure, ko yatsa ya yi sanyi kamar ba naka ba, ka tsaya. A fiyano zafi ba alamar ci gaba ba ne, alama ce cewa akwai motsin da kake yi ba daidai ba, kuma a nan ne idon malami ya fi kowane littafi amfani.

Hanya ta biyu ta fi daɗin shiga. Mutum ya ji Für Elise na Beethoven, ya buɗe bidiyon nan da sanduna masu launi ke gangarowa kan maɓallai, ya bi su yatsa bayan yatsa, cikin 'yan makonni ya iya shafin farko. Sai ya iso sashe na biyu inda dama ke gudu da ƙananan sautuka, ya tsaya cik. Ya koma farko, ya sake isowa, ya sake tsayawa. Shekara ta zagayo yana da farkon kiɗa huɗu ko biyar, babu wanda ya kai ƙarshe, kuma kowane sabo daga tushe yake fara shi, don bai san cewa abin da ya kaɗa a wancan shi ne ya dawo a wannan ba.

A wajenmu wannan hanya tana da nata salon. Tun shekarun 1990 da fiyanon lantarki na Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano, har aka riƙa cewa waƙoƙin fiyano, matasa da yawa a situdiyo da kuma a coci da kunne suka koya, kuma cikinsu akwai masu kunnen da ya fi na wanda ya yi makarantar kiɗa. Ina girmama wannan baiwa. Amma na'urar tana da maɓallin da ke ɗaga sauti ko ya sauke shi ba tare da ka gusar da yatsunka ba, tana da wani da ke kaɗa maka ganga da rakiya in ka danna yatsa ɗaya da hagu. Sai ka samu mutum ya yi shekaru yana kiɗa a gidan sauti guda, hagunsa kuma bai taɓa aiki ba. Ranar da ya zauna gaban fiyano na katako mai maɓalli 88, wanda ba shi da waɗannan dabaru, mawaƙi ya ce a ɗan ɗaga masa, sai gumi.

Abin da ya rasa kuwa ba wani abu mai yawa ba ne. Sikel ne da kod. Sikel shi ne hawa da sauka a jere kan sautuka bakwai na gida ɗaya; kod kuma sauti uku ko huɗu ne da ake dannawa tare. Yatsu biyar gare ka, daga C zuwa C na gaba kuwa maɓalli takwas ne, saboda haka dole babban yatsa ya ratsa ta ƙarƙashin sauran ya karɓi aiki ba tare da kunne ya ji ɗinkin ba. Wannan ratsawa ita ce zuciyar sikel. Tsarin yatsun da ka koya a gidan C shi ne dai na G, da D, da A, da E, a hannu biyun, ka ga koyo ɗaya ya buɗe maka gida biyar. Kod ɗin da aka gina a kan sauti na ɗaya, da na huɗu, da na biyar na kowane gida kuwa su ne ƙashin bayan waƙoƙi marasa iyaka, na coci da na rediyo da na Turawan da. Wanda ya san su, in ya buɗe sabon kiɗa ba ɗigo ɗari yake gani ba, yana ganin abubuwa goma da ya riga ya sani.

To ga abin da nake so ku riƙe: kiɗan da kake koya shi zai zaɓa maka atisayen da za ka yi. Dubi yaron tela. Maigidansa kan ba shi ƙyalle ya yi ta bin layi har ƙafarsa ta saba da keken, amma ba ya barinsa shekara a kan ƙyalle. Da wuri yake miƙa masa kalmasar riga ta gaske, in ta karkace a warware, ya koma ƙyalle ya gyara wannan abu ɗaya, ya dawo kan rigar. Haka nake so ku yi da fiyano.

Manyan malaman wannan kayan kiɗa ma ba su raba abu biyun ba. Johann Sebastian Bach ya fara wa ɗansa Wilhelm Friedemann littafin koyo a 1720, a 1725 kuma aka buɗe wani don matarsa Anna Magdalena, kuma abin da ke cikinsu ƙananan kaɗe-kaɗe ne masu daɗin ji. A na biyun ne ɗan minuwet ɗin nan na gidan G yake, wanda kusan kowane mai koyo ke ratsawa, wanda daga baya bincike ya nuna na Christian Petzold ne. Schumann ɗin da ya rasa hannunsa, da 'ya'yansa suka isa koyo, kiɗa 43 ya tsara a 1848, kusan kowanne da sunansa da yanayinsa, kowanne kuma da abu guda da yake koya wa hannu. Friedrich Burgmüller yana da kaɗe-kaɗe 25 masu sauƙi da ke tafiya daki-daki. Na biyunsu, Arabesque, gudun yatsu biyar ne irin wanda Hanon ke nema, amma an sa masa rai, kana gama shi kana son ka sake. Béla Bartók na ƙasar Hangari ya rubuta Mikrokosmos tsakanin 1926 da 1939, kiɗa 153 a littafi shida, tun daga wanda bai taɓa zama gaban fiyano ba har zuwa gwani, kuma da wuri yake sa hannu biyu su fara rabuwa. Ko Carl Czerny, wanda sunansa ya zama kamar sunan atisaye, almajirin Beethoven kuma malamin Liszt, nasa suna da kari da rakiya da farko da ƙarshe.

Frédéric Chopin kuwa ya yi wani abu da ya kamata kowane babba ya gwada. Ba ya fara wa ɗalibansa da sikel na C, ko da yake shi ne mai sauƙin karantawa. Da gidaje masu yawan baƙaƙen maɓallai yake farawa, irin su B, domin a can dogayen yatsu uku na tsakiya suna sauka kan baƙaƙen da ke tudu, babban yatsa yana sauka kan fararen da ke ƙasa, hannu ya zauna yadda aka halicce shi. Gwada da dama: babban yatsa a B, yatsu biyu kan baƙaƙe biyu, babban yatsa ya ratsa zuwa E, yatsu uku kan baƙaƙe uku. Za ka ji ratsawar ta zo da sauƙin da ba ka samu a C ba. Shi dai Chopin ya hana ɗalibansa wuce awa uku a yini, don ya san abin da gajiyayyen hankali ke koya wa hannu.

Yadda ake ciro atisaye daga cikin kiɗa kuwa ba wuya. A ce minuwet na gidan G kake koya. Sikel ɗinka na wannan mako G ne, da baƙin maɓallinsa guda, da kod ɗinsa uku, G da C da D. Ba ruwanka da sauran gidajen tukuna. A ce fireludi na farko na Bach ne, na gidan C, mai gaɓa 35, wanda kusan kowace gaɓa kod ɗaya ce da aka warware sautukanta aka kaɗa sau biyu: dunƙule kowace gaɓa ka danna ta a tare, ka koyi tafiya daga wannan dunƙule zuwa na gaba ba ka duba hannu ba, in ka warware su daga baya kiɗan zai zubo da kansa. A ce Gymnopédie na farko na Erik Satie ne, na 1888, mai tafiyar hawainiya da ke ruɗin mutum ya ɗauka mai sauƙi ne: wahalarsa tsallen hagu ce daga sauti mai zurfi zuwa kod a tsakiya, don haka atisayenka shi ne wannan tsalle shi kaɗai, a hankali, har hannu ya san nisan, sannan ƙafa ta koyi sakin feda daidai lokacin da sabon sauti ya sauka. A ce sonatina ta farko ta Muzio Clementi ce, cikin shida da ya fitar a 1797: gudun da ke cikinta sikel ne tsagwaronsa, wanda ya yi C da G ya riga ya biya rabin kuɗin.

In wuri ya gagare ka, kada ka koma farkon kiɗan. Zagaye wurin da fensir, gaɓa ɗaya ko biyu, ka haɗa da sauti ɗaya na gabansa da ɗaya na bayansa don ka koyi shiga da fita. Rubuta lambar yatsa a kan kowane sauti, kuma kada ka sake canza ta. Hannu ɗaya tukuna, sannan biyu, a saurin da ba za ka yi kuskure ba, ko da ya zama kamar ba kiɗa kake ba. A 2009 Robert Duke da abokan aikinsa a Jami'ar Texas da ke Austin sun ba ɗaliban fiyano 17 gaɓa uku masu wuya daga wani kiɗan Shostakovich, suka ce kowa ya yi ta koyo iya son ransa, washegari aka gwada su. Yawan lokacin da mutum ya ɓata da yawan maimaicinsa ba su nuna wanda zai fi ba. Waɗanda suka zo kan gaba su ne masu gano ainihin inda kuskure yake, su rage sauri, su gyara shi nan take, su maimaita daidai ɗin har ya zauna. Hannu ba ya tantance abin da kake nufi da abin da ka yi; abin da ka maimaita shi yake ajiyewa.

Wani binciken kuma ya kamata ya kwantar wa mai ƙarancin lokaci hankali. A 2002 Matthew Walker da abokansa a Harvard sun koya wa mutane danna jerin lambobi biyar da yatsun hagu. Waɗanda aka sake gwadawa bayan awa 12 a farke ba su ƙaru da wani abin kirki ba, amma bayan barcin dare saurin ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, ba tare da ƙarin koyo ba. Ke nan minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, kuma wurin da ya ƙi ka yau, in ka yi masa aiki mai tsabta ka kwanta, sau da yawa gobe za ka tarar ya sassauto.

Da ni ne mai rabin awar nan, minti biyar na farko zan ba sikel da kod na gidan da nake ciki, a hankali, ina sauraron ko sautukan sun fito daidai wa daida. Minti goma ko sha biyu su tafi kan wuraren da na zagaye da fensir, domin nan ne ainihin aikin yake, kuma a fara shi tun hankali bai gaji ba. Minti biyar in karanta wani ɗan kiɗa mai sauƙi ƙwarai da ban taɓa gani ba, in wuce shi ba tare da na tsaya gyara ba, don ido ya saba. Abin da ya rage in kaɗa abin da na riga na iya, don jin daɗi kawai, ba gyara ba hukunci. Wannan na ƙarshen kada ka yarda a cinye maka shi. Ranar da ka dawo a gajiye har ba ka iya komai, shi kaɗai ka yi ka tashi. Ko hukumar jarrabawar kiɗa ta Landan, ABRSM, wadda ke aiki tun 1889, a jarrabawarta ta gargajiya mai maki 150, kaɗe-kaɗe uku ke ɗauke da 90, sikel 21, karatun sabon kiɗa 21, gwajin kunne 18. A 2020 ma ta ƙara wata jarrabawar da kiɗa huɗu kawai ake kawowa.

Game da zaɓen kiɗa, ka riƙe uku a lokaci ɗaya. Ɗaya mai sauƙi da za ka gama cikin mako ɗaya ko biyu, domin gama abu yana da nasa darasin, kuma babba ya fi kowa bukatar ya ji ya kai wani abu ƙarshe. Ɗaya daidai ƙarfinka, na wata ɗaya ko biyu. Na uku shi ne na mafarki, wanda ya fi ƙarfinka, kana gutsurarsa gaɓa biyu-biyu ba gaggawa. Alan Rusbridger yana editan jaridar Guardian ta Ingila, shekarunsa sun haura 50, ya ɗaura niyyar koyon Ballade na farko na Chopin, kiɗan da ƙwararru ma ke shakka, da kimanin minti 20 kowace safiya, a daidai lokacin da jaridar ke tsakiyar labarin WikiLeaks. Ya ɗauke shi fiye da shekara, ya kuma rubuta littafi a kai a 2013. Amma ya taɓa koyo yana yaro, kuma da malamai ya yi tafiyar. Darasin da ke ciki a gare ku shi ne yadda ya yanka kiɗan gunduwa-gunduwa ya mai da kowace wahala abin yi na safiya ɗaya.

Kada kuma ku ɗauka abin daɗi sai ya zo daga Turai. Da yawa daga karin waƙoƙinmu kan sauti biyar suke tafiya, baƙaƙen maɓallan fiyano kuwa biyar-biyar aka jera su. Ka zauna ka laluba wata waƙa da ka tashi da ita a kansu, da kunne, ba takarda. Ba za ta zauna daidai da yadda goge ko gurmi ke fitar da ita ba, amma za ka gane ta, sannan ka nema mata rakiya da hagu, daga nan ka sauko da ita wani gidan ba tare da ka taɓa maɓallin ɗaga sauti ba. Wannan atisaye ne cikakke, na kunne da na hannu. Masanin kiɗan nan na Gana, J. H. Kwabena Nketia, ya tsara kiɗa 12 na fiyano musamman don masu koyo, ya gina su kan kari da bugun gargajiyar ƙasarsa, kuma Akin Euba na Najeriya ya daɗe yana kira da a sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka. William Chapman Nyaho ya tattara irin waɗannan ayyuka na Afirka da na 'ya'yanta da ke ƙetare a littafi biyar, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A cikinsu za ka haɗu da bugu biyu a hannu ɗaya, uku a ɗayan, abin da ke wahalar da ɗalibai a ƙasashe da yawa, alhali kai jikinka ya san shi tun daga gidan biki.

Yaushe za ka san rabon da ka yi ya yi daidai? Ka ɗauki kanka da waya sau ɗaya a wata, kiɗa ɗaya daga farko har ƙarshe, ka saurara bayan kwana biyu. In ka ji gudun yana tuntuɓe a wuri iri ɗaya cikin kaɗe-kaɗe daban-daban, ko babban yatsa yana buga ƙasa duk inda ya ratsa, ƙara wa sikel minti biyar na tsawon wata guda, ko ka ɗauko atisayen Hanon ɗaya ko na Czerny ɗaya da ya dace da wannan matsala, ka yi shi a gidan da kiɗanka yake, ka ajiye shi in ta warware. In kuwa ka ji komai ya fito daidai amma ba abin da ya motsa maka rai, ko ka lura kwana uku sun wuce ba ka yi marmarin buɗe fiyanon ba, to ka rage atisaye zuwa minti biyu, ka nemo sabon kiɗa mai sauƙi da kake so, ka kira wani na gida ya zauna ka kaɗa masa.